Kaza Mai 'Ya'ya: Gargaɗi a Kan Muryar Zuciya

 Akwai wata makaranta a cikin gidanka wadda ba a biya mata ko anini, malamanta kuwa su ne kaza a akurki, da tunkiya a turke, da saniya a garke. Sa'ad da abokan Ayuba suka dame shi da yawan magana, ya tura su wurin dabbobi da tsuntsaye domin su koyi hikima. Ubangiji Yesu kuma ya umurci almajiransa su dubi tsuntsayen sama, su gane kulawar Uba. Saboda haka ba abin kunya ba ne ga mai bi ya tsuguna a bakin akurki ya ɗauki karatu.

Ga tambayar da za mu kai musu. Sau da yawa mutum yakan ce, "Jikina ya ba ni," ko kuwa, "Raina bai kwanta da wannan abu ba," alhali ba shi da shaida, ba kuma wanda ya gaya masa kome. Waɗansu suna bin wannan murya ta ciki ido rufe har ta kai su ga hallaka. Waɗansu kuwa suna raina ta, suna ce da ita tsoron mata, har su wayi gari cikin da-na-sani. To, mai bin Almasihu fa? Yaushe zai gaskata zuciyarsa, yaushe kuma zai tuhume ta? Rai da mutunci sukan rataya a kan amsar, domin haka ka karanta da natsuwa.

I. WA YA KOYA WA KAZA?

Ka dubi kaza sa'ad da kwanci ya kama ta. Jiya tana yawo a juji tana tono, ba ta kula da kome sai cikinta. Yau ta shige lungu ta zauna bisa ƙwai, gashin ƙirjinta ya zube domin ɗumin fatarta ya kai gare su. Kwana 21 za ta yi a nan. Sau ɗaya a yini takan tashi ta yi ɗan tsince, ta sha ruwa, ta koma da hanzari kafin ƙwan su huce. Tana jujjuya su da bakinta dare da rana, gama in ba a juya ba ɗan tsako yakan manne da ɓawo ya mutu. Ta rame, ta yi fayau, amma ba ta tashi. Ana saura kwana ɗaya ko biyu su fito, 'yan tsaki sukan fara kuka daga cikin ƙwai, uwar kuwa tana amsa musu, har su san muryarta tun ba su ga fuskarta ba.

Hausawa sun ce, kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Da inuwar shirwa ta gifta, sai ta yi wata irin ƙara, 'ya'yan su ruga ƙarƙashin fikafikanta ko su lafe cikin ciyawa. Ita da dā ƙaramin yaro ke korarta, yanzu takan baza fikafikai ta tasam ma kare. Wa ya koya mata? Ba ta taɓa zama gaban malami ba. Ko kazar da aka ƙyanƙyashe a cikin inji, wadda ba ta taɓa ganin uwa ba, in irin masu kwanci ce, haka za ta yi.

Tunkiya takan ɗauki ciki wajen wata 5. In naƙuda ta zo takan ware daga 'yan'uwanta. Da ɗan ya faɗo, sai ta juyo ta kama lasarsa tun daga kai, tana share masa hanci domin ya shaƙi iska, tana wani gunji ƙasa-ƙasa wanda ba ta yinsa sai ga jariri. A cikin wannan lasa take haddace warinsa. Kafin 'yan sa'o'i su wuce ta riga ta san nata a cikin ɗari. In ɗan wata ya matso hantsarta, sai ta shinshine shi ta tunkuɗe. Masu bincike a Amurka, a shekarun 1960, sun gwada awaki, suka tarar minti 5 na lasa bayan haihuwa sun isa akuya ta sāke karɓar ɗanta ko da an ɗauke shi na ɗan lokaci. Amma wadda aka ɗauke mata shi nan take, tun ba ta lashe shi ba, sau da yawa takan ƙi shi in an komo da shi.

Saniya kuwa wata 9 take ɗauke da maraƙi. Kowane makiyayi ya sani saniyarmu mai tozo ba ta cika sakin nono ba sai ta ga maraƙinta, ta ji bakinsa. Shi ya sa mai tatsa takan kwance shi ya fara tsotsa, sa'an nan ta janye shi ta ɗaure kusa da uwar, kāna ta sa ƙwarya.

Masana sun tono kaɗan daga cikin asirin wannan al'amari. A shekara ta 1906 wani masani a Ingila, Henry Dale, ya gano akwai wani ruwa mai fitowa daga wata 'yar ƙwaya a gindin ƙwaƙwalwa wanda ke sa mahaifa ta matse. Daga baya aka sa masa suna oksitosin, aka kuma gane shi ne ke sa nono ya sauko. A shekarun 1980 masu bincike a Ingila da Faransa suka nuna wahalar haihuwa ita da kanta ke sa wannan ruwa ya kwarara a ƙwaƙwalwar tunkiya, har wadda jiya take ƙyamar ruwan haihuwa, yau tana lasarsa da marmari. Wani zai ce, "Ashe dai ruwan jiki ne, ina hannun Allah a ciki?" Ya ɗan'uwa, wanda ya gane yadda ƙoshiya ke ratsa zare bai kawar da masaƙi ba, sai dai ya ƙara sanin gwanintarsa.

Allah da kansa ya girmama wannan ilhami da ya dasa. A cikin shari'ar Musa an hana raba maraƙi ko ɗan tunkiya ko ɗan akuya da uwarsa domin hadaya kafin ya cika kwana 7. An hana yanka uwa da ɗanta rana ɗaya. An umurci wanda ya tsinci sheƙar tsuntsu ya saki uwar, kada ya kama ta tare da 'ya'yanta. Gaba da wannan duka, sa'ad da Ubangiji Yesu ya yi makoki a kan Urushalima, cikin sura ta 23 ta Bisharar Matta, da kaza ya kwatanta kansa, kaza mai marmarin tattara 'ya'yanta a inuwar fikafikanta.

II. MUTUM MA AN BA SHI RABONSA

In Mahalicci bai bar kaza ba ja-gora ba, yaya zai bar mutum, wanda ya yi cikin kamanninsa? Manzo Bulus ya koya wa Romawa cewa al'ummai waɗanda ba a ba su shari'a a rubuce ba suna ɗauke da aikinta a cikin zukatansu, lamirinsu kuwa wani lokaci yana zarginsu, wani lokaci yana wanke su. Sa'ad da Fir'auna ya umurta a jefa 'ya'ya maza na Ibraniyawa cikin kogi, uwar Musa ta ɓoye shi wata 3, ba ta ji tsoron sarki ba. 'Yar Fir'auna kuma, wadda ba ita ta haife shi ba, da ta buɗe kwando ta ji kukansa, tausayi ya rinjayi dokar ubanta. Ta wurin zukatan mata biyu Allah ya tsirar da mai fitar da Isra'ila.

Bari mu sauko gida. Ka lura da maraƙi sabon haihuwa. Cikin sa'a ɗaya ko biyu yakan miƙe ƙafafunsa suna rawa, uwar tana lasarsa har ya kai ga hantsa, ya sha nonon fari mai kauri, mai launin rawaya, wanda ake kira dakashi. Ana haihuwar maraƙi ba shi da garkuwar cuta a jininsa. Daga dakashi yake samunta, hanjinsa kuwa ba ya iya ɗaukarta sai a yinin farko. Bayan kamar sa'a 24 ƙofar ta rufe. Amma a gidaje da yawa na ƙasarmu akan matse dakashin mace a zubar, a ce ƙazanta ne, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko nonon akuya har kwana biyu ko uku. Uwar tana kwance tana jin kukansa, ƙirjinta yana mata zogi, zuciyarta tana cewa a ba ni shi, al'ada tana cewa a dakata. A nan zuciyar uwa ce ke da gaskiya. Dakashi yana tsare hanjin jariri daga cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da a sa shi a nono cikin sa'ar farko, tun shekara ta 2001 kuma shawararta ita ce a ba shi nonon uwa zalla, ba ko ruwa, har wata 6. Ke kaka, ke ungozoma, ku ji da kyau: kada a hana ɗan Adam abin da saniya ba ta hana maraƙinta.

Haka kuma in yaro ba shi da lafiya. Uwa ta san kukan ɗanta kamar yadda tunkiya ta san warin nata. Ta san kukan yunwa, ta san na rigima, ta kuma san wanda ba ta taɓa jin irinsa ba. Kai maigida, in ta tashe ka da tsakar dare ta ce, "Yaron nan ba daidai yake ba," kada ka juya ka ce a bari gari ya waye. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya ɗauke yaro cikin sa'a 24 in ba a yi magani ba. Yaron da ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko numfashinsa yana sauri, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a kai shi asibiti a wannan sa'a. Ke kuma mai ɗan fari, kunya ado ce, ba mu ce ki yar da ita ba. Kina iya ƙin kiran sunansa a gaban surukai. Amma ran da jikinki ya ba ki yana cikin hatsari, ki buɗe baki ki faɗa, ko a gaban wane ne.

Wannan murya ba ta iyaye mata kaɗai ba ce. Ita ce ke motsa cikin namiji sa'ad da ya ga maraya yana cin tuwo a bayan ɗaki shi kaɗai, ko ya ji kukan matar maƙwabci ana dukanta, ko ya tuna da mai aikinsa wanda bai biya ba. A cikin misalin da Ubangiji ya bayar na mutumin da mafasa suka yi wa rauni a hanyar Yariko, mutum uku suka gan shi. Firist ya ratse, Balawi ya ratse, Basamariye ne ya bi tausayin da ya taso masa. Ba mu tsammani biyun farko ba su ji kome ba. Sun ji, suka danne.

Ka tuna da akuyar da aka hana ta lasa a sa'ar farko. Tausayi yana da sa'arsa, in aka jinkirta yakan huce. Akwai kajin gona waɗanda aka yi shekaru ana zaɓen irinsu domin yawan ƙwai, har kwanci ya kusa ɓacewa daga cikinsu: ta saka ƙwai ta tashi, ba ta ko waiwaya. Haka lamiri yake in an saba ƙin jinsa. Yau ka danne shi da ƙyar, gobe da sauƙi, jibi ba ka ji kome ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan masu lamirin da ya mutu kamar fatar da aka yi wa lalas. Allah ya kiyashe mu da wannan.

III. AMMA ZUCIYA TANA RUƊUWA

Kada fa ka ce, "Tun da haka ne, duk abin da raina ya ba ni zan yi." Koma garke ka ga ɗaya gefen. In maraƙi ya mutu, saniya ta hana nono, makiyaya a ƙasashe da yawa na Afirka suna da dabara tun dā. Sukan feɗe fatar, su cusa mata ciyawa, su tsai da ita a gaban uwar. Saniya ta shinshina, ta ji warin ɗanta, ta kama lasa, nono ya sauko, ƙwarya ta cika. Ƙaunarta gaskiya ce, abin da take ƙauna kuwa ciyawa ce a cikin fata.

Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, saboda haka akan kwashe ƙwanta a sa wa kaza. Kaza ta zauna kwana 26 zuwa 28, kusan mako guda fiye da nata, ba ta gane ba. In sun girma su bi zabi 'yan'uwansu, su bar ta. Ko dutse mai siffar ƙwai ka sa mata, za ta kwanta a kai da dukan aminci. A shekara ta 1938 masana biyu, Konrad Lorenz na Ostiriya da Niko Tinbergen na Holan, suka ba da labarin dinya irin ta Turai: in ƙwanta ya gangara daga sheƙa takan miƙa wuya ta jawo shi da ƙasan bakinta, amma in aka zare ƙwan a tsakiyar aikin, sai ta ci gaba da jan iska har sheƙa. A shekara ta 1960 kuma wani masani a Jamus, Wolfgang Schleidt, ya nuna abu mai ban tsoro game da talotalo. Da kuka take gane 'ya'yanta. Waɗanda aka kurmantar, sun yi kwanci lafiya, amma da 'ya'yan suka fito suna motsi, iyayen ba su ji kukansu ba, suka ɗauke su maƙiyan sheƙa, suka sassare su har suka mutu. Ƙarfin nan da aka ba ta domin tsaron 'ya'ya, shi ya kashe su, domin kunne ya toshe.

Annabi Irmiya, cikin sura ta 17, ya yi gargaɗi cewa babu abin da ya kai zuciyar ɗan Adam iya yaudara, ciwonta kuma mai zurfi ne. A wannan sura kuma ya kwatanta mai tara dukiya ta hanyar zalunci da makwarwa mai kwanci a kan ƙwan da ba nata ba, wanda a tsakiyar kwanakinsa dukiyar za ta tashi ta bar shi. Dabba tana ruɗuwa domin rashin sani kaɗai. Mutum kuwa yana da rashin sani, ga kuma zunubi a kai.

Yaro ya rasu a gida, uwa cikin zafin rai ta ce, "Jikina ya ba ni tsohuwar nan ce ta kama kurwarsa." Ba shaida, ba bincike. Kafin rana ta faɗi an kori tsohuwa daga gari, ko an yi mata abin da ya fi wannan muni. Baƙin cikin uwar gaskiya ne, amma ta zama talotalo kurma, tana saran marar laifi, cutar da ta ɗauke yaron kuwa tana nan cikin ruwan sha ko cikin sauro, tana jiran na biyu. Wata uwa ta ɓoye akuyar da ɗanta ya sato, ta rantse ba ta gani ba, ta ce ƙauna ce. Rifkatu ta fifita Yakubu har ta koya masa ya yaudari ubansa makaho, ƙarshenta sai da ta sallame shi ya gudu Haran. Dauda bai taɓa kwaɓar ɗansa Adonija ba, yaron ya girma ya nemi sarauta da ƙarfi, ya mutu a kanta. Wani magidanci ya ce zuciyarsa ta ba shi wata mace, ya wofintar da matar ƙuruciyarsa da 'ya'yanta. Ɗan kasuwa ya ce ransa ya ba shi riba, ya rage mudu. Dukansu sun ji murya a ciki, dukansu sun gaskata ta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, son zuciya ɓacin zuciya.

IV. MA'AUNI HUƊU

Manzo Yohanna ya gargaɗe mu kada mu gaskata kowane ruhu sai mun gwada. To, da me za a gwada?

Na fari, ka tambaya: wa zai biya? Ka lura, duk aikin da ilhamin uwa ke sa dabba, ita ke ɗaukar hasararsa. Kaza ce ke ramewa, saniya ce ke ba da nono, tunkiya ce ke tsayawa tsakanin ɗanta da kare. Mata biyu suka zo gaban Sulemanu suna jayayya a kan jariri ɗaya, kowace tana cewa nata ne, ba mai shaida. Sarki ya sa a kawo takobi a raba shi biyu. Ɗaya ta yarda. Ɗaya kuwa cikinta ya juya, ta roƙa a ba abokiyar gabarta yaron da rai. Da wannan sarki ya gane uwa: ta yarda ta rasa shi domin ya rayu. Muryar da ke ce maka ka tashi, ka bayar, ka yafe, ka mayar da abin da ka ci, ka tsare marar ƙarfi da jikinka, da wuya ta zama ta Shaiɗan. Muryar da ke kawo maka riba, wani kuwa ya biya da hawayensa, ka tuhume ta ko da tana da zaƙi.

Na biyu, ka auna ta da Maganar Allah. Wanda ya dasa lamiri shi ne ya ba da Littafi, ba ya kuwa yin baki biyu. In muryar ciki ta ce ka yi shaidar zur, ko ka rama mugunta, ko ka ɓata sunan wanda ba a tabbatar masa da laifi ba, ba ka bukatar dogon tunani, fata ce aka cusa wa ciyawa. Maganar Allah ita ce kunnen da talotalo ta rasa. Wanda ba ya karanta ta, ba ya kuma zuwa inda ake karanta ta, himmarsa ma abin tsoro ce.

Na uku, ka kai ta gaban masu hankali. Makiyaya sun sani karsana da tunkiya masu haihuwar fari sun fi tsofaffi yawan ƙin 'ya'yansu. Wata takan firgita da ɗan, ta ja da baya, ta hana shi hantsa, sai makiyayi ya riƙe ta ya sa masa nono a baki har su saba. A haihuwa ta biyu da ta uku ba ta bukatar kowa. Ashe ilhami ma yana girma da aiki. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce manya cikin bangaskiya su ne waɗanda yawan gwadawa ya horar da hankalinsu har suna rarrabe nagarta da mugunta. Bulus kuma ya umurci Titus ya sa tsofaffin mata su koya wa ƙanana ƙaunar mazansu da 'ya'yansu. In ƙaunar 'ya'ya ma ana koyar da ita, wane ne kai da za ka ce ba ka bukatar shawara? Abin da zuciyarka ta ba ka, in kana jin nauyin faɗarsa a gaban dattijon ikilisiya ko a gaban matarka, wannan nauyi kansa shaida ne a kanka.

Na huɗu, ka duba halin da kake ciki sa'ad da muryar ta zo. Saniyar da aka daka ko aka firgita takan riƙe nono, ko hantsarta cike take, gama tsoro yana tare hanyar ruwan nan mai saukar da shi. Zuciyar da fushi ko kishi ko tsoro ya cika, alherinta ba ya saukowa, ganinta kuma ba daidai ba ne. Ka durƙusa ka yi addu'a tukuna. Abin da yake na Allah zai tsaya bayan addu'a, har ya ƙara haske. Na fushi yakan kwanta kamar ƙura bayan yayyafi.

Ga ƙa'ida a taƙaice, ka riƙe ta. In zuciyarka ta ce ka taimaki wani, ko ka kai marar lafiya magani, ko ka janye yarinyarka daga hannun mutumin da ranki bai kwanta da shi ba, yi maza, kada ka jira shaida. In ka yi kuskure, ɗan wahala kaɗai ka yi hasara. In kuwa ta ce ka zargi wani, ko ka hukunta shi, ko ka karya alkawari, dakata, nemi shaida, nemi shawara. Gama in ka yi kuskure a nan, ba ka iya mayar da abin da ka zubar.

V. SHANU BIYU NA BET-SHEMESH

Saura abu ɗaya. A cikin Littafin Sama'ila na Fari, sura ta 6, akwatin alkawari ya yi wata 7 a ƙasar Filistiyawa, annoba tana cinsu. Firistocinsu suka so su sani ko hannun Allah na Isra'ila ne, ko tsautsayi ne kawai. Suka sa a yi sabon keke, a ɗaura masa shanu biyu masu shayarwa waɗanda ba a taɓa sa musu karkiya ba, a kulle maruƙansu a gida. Mutanen nan sun san shanu. Sun sani babu abin da zai raba saniya da maraƙinta sai ikon da ya fi na halitta. Shanun kuwa suka miƙe hanyar Bet-shemesh sosai, ba su ratse dama ko hagu ba, suna tafe suna kuka. Kukan nan shaida ne ba su manta da maruƙansu ba, amma Wanda ya dasa ƙaunar ya kira, suka tafi.

Haka nan akwai ranar da Allah zai bukaci mai bi ya bi shi, ko mafi kyawun abin da ke zuciyarsa yana ja da baya. Hannatu ta roƙi ɗa da hawaye, aka ba ta Sama'ila, da ta yaye shi ta kai shi Shilo ta bar shi a hannun Eli. Ƙaunarta ba ta ragu ba, gama kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ko kaza, bayan makonni, takan kori 'ya'yanta su nemi nasu abinci. Uwar da ta riƙe ɗa har ya kāsa zama mutum, ko ta shiga tsakaninsa da matarsa, ko ta hana shi amsa kiran Ubangiji, ta wuce iyakar da aka sa mata.

Ya kai mai karatu, wataƙila kai ba ka san ɗumin uwa ba. Wataƙila an ƙi ka tun kana ƙarami, kamar ɗan tunkiyar da aka tunkuɗe. Ta bakin annabi Ishaya, cikin sura ta 49, Allah ya yarda cewa mai shayarwa ma tana iya mance jaririnta, amma ya yi alkawari shi ba zai mance da nasa ba. Ƙaunar kaza da ta saniya ɗigo ne daga wannan kogi. Shi ba a ruɗinsa da fata da ciyawa, kunnensa kuma ba ya toshewa. Almasihu ya shimfiɗa hannuwansa a kan gicciye kamar fikafikai, hukuncin da ya kamace mu ya sauka a kansa. Laifin Urushalima shi ne an kira ta, ta ƙi zuwa. 'Yan tsaki ba su yin gardama in uwa ta yi ƙara. In kana jin kiransa a zuciyarka yanzu, wannan murya ce wadda ta cika ma'auni duka huɗu, gama shi ne ya biya. Kada ka bari ta huce.

Ka yi wannan addu'a: Ya Uba, Mahaliccin mutum da dabba, kai ka koya wa kaza kwanci, ka koya wa tunkiya warin ɗanta. Ka buɗe kunnen zuciyata in ji kukan marar ƙarfi, in tashi da sauri. Ka tsare ni daga ruɗin son zuciya, kada in cuci marar laifi ina tsammani ina yin daidai. Ka horar da lamirina da Maganarka, ka ɓoye ni da gidana a ƙarƙashin fikafikanka, saboda Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.